MURHU BA YA ZAMA DA DUTSE ƊAYA

Wannan ita ce laccar da aka yi wa 'yan jam'iyya na rassan Jega da Aliero da Maiyama. Mun buga ta duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcin rumfarsa.

Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan kasuwa, manoma, mahauta, 'yan dako, direbobi da yaran mota, muna yi muku barka da zuwa. Mun san wasunku sun rufe rumfa kafin lokaci, wasu sun bar fadama ba mai ban ruwa, wasu kuwa kuɗin cefane suka tsakura suka biya mota. Allah ya saka da alheri. Tun da kun biya wannan tsada, ba za mu sallame ku da surutun banza ba.

Abin da ya tara mu yau wata tambaya ce da wani dattijo mai sayar da albasa ya yi mana a tasha. Ya ce, "Ku 'ya'yan nan, kullum lacca, kullum waƙa, kullum taro. Ku faɗa mini, me talaka ya taɓa samu da lacca da waƙa? Buhu nawa suka taɓa ƙara masa?" Ba mu ji haushi ba, domin tambayar mai hankali ce, kuma mun tabbata rabin waɗanda ke zaune a nan suna da irinta a ciki. Saboda haka amsarta za mu bayar, da sunayen mutane da shekaru, yadda kowa zai iya zuwa ya bincika.

Amsar a taƙaice ita ce: haƙƙin talaka tukunya ce, ba ta zama sai bisa duwatsu uku. Dutse na fari shi ne mai tara jama'a. Na biyu shi ne mai fasaha, watau mawaƙi da marubuci, wanda ya ke sa maganar a bakin mutane. Na uku shi ne mai jurewa, wanda za a ɗaure, a kora, a hana shi ciniki, bai janye ba. In ɗaya ya kauce, tukunya ta kife. Itacen da ke ƙarƙashi kuwa ku ne, da kuɗinku da haɗin kanku. Ba wanda ya taɓa dafa tuwo da duwatsu kaɗai.

TUN KAFIN BATURE

Kada wani ya ruɗe ku da cewa wannan magana baƙuwa ce, ko 'yan boko suka kawo ta. A ƙasar nan aka haife ta.

A ƙarshen shekarar 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, nan cikin ƙasar Kabi, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu, ya zauna da jama'arsa. Aka kama mutane aka ɗaure, aka bi da su ta kusa da Ɗagel. Jama'ar Shehu suka ga 'yan'uwansu cikin mari, suka tare hanya suka kwance su. Bayan wannan ne aka yi hijira zuwa Gudu a farkon 1804. Ɗan wannan Abdussalami, watau Buhari, shi ya kafa garin Jega, garin da kasuwarsa ta zama matattarar fatake daga Gwanja har Kano. To, ku mutanen Jega, asalin garinku yana haɗe da ranar da talakawa suka ƙi tsayawa kallo ana wucewa da 'yan'uwansu a ɗaure.

Me Shehu ya ƙi a mulkin da ya tarar? Ku tambayi malamai su buɗe muku Kitabul Farƙi. A ciki an lissafa jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da a ke kai wa mai mulki kafin ya saurari kuka. An ambaci tawasa, watau naman da a ke karɓe wa mahauta kowace ranar kasuwa. An ambaci agama, watau audugar da sauran kayan da a ke ɗiba daga hannun masu kasawa. Ku 'yan kasuwa, ashe shekara fiye da ɗari biyu ke nan da aka rubuta kukanku. Suna ne ya sake. Wanda ya ɗauko lodi daga Aliero ya nufi kudu, ya ƙirga shingen da ya tsaya ya miƙa hannu ba a ba shi rasit ba, shi zai faɗa mana ko tawasa ta mutu ko tana nan da ranta.

Sa'an nan ku duba yadda maganar ta isa ƙauye. Littafin Larabci malami ke karanta shi. Amma Shehu da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun yi waƙoƙi, wasu da Fulatanci, wasu da Hausa, yadda makiyayi zai rera a bayan shanu, mace ta rera a bakin turmi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, tsofaffin mata masu tafiya ƙauye ƙauye suna koyar da 'yan taru da waƙa. Shi kuwa Malam Abdullahi, da ya ga wasu daga cikin waɗanda aka yi jihadi da su sun koma tara dawaki da gidaje, sai ya bar rundunar a 1807 ya nufi gabas. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami domin koya wa masu mulki iyakarsu. Wannan shi ne mai Gwandu. In yau wani ya ce muku faɗa wa shugaba gaskiya rashin kunya ne, ku tambaye shi ko ya fi Abdullahin Gwandu ladabi.

ZAMANIN SAWABA

Mu gangaro kusa. Ran 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka zauna a Kano suka kafa NEPU. Ba sarki a cikinsu. Suka kuma fitar da takardar Sawaba, wadda ta ce a fili al'ummar Arewa kashi biyu ce, masu mulki da talakawa, kuma talaka ba zai sami 'yanci ba sai ya tashi ya nema da kansa. Malam Aminu Kano ya karɓi shugabanci a 1953. Shi ne dutse na fari. Aikinsa bi gari gari, yana zama bisa tabarma da teloli da mahauta da 'yan koli, yana koya musu abu guda: kai ma mutum ne, kana da ikon ka ce a'a.

Dutse na biyu kuwa, jama'a, a nan za mu ɗaga kai. Akwai Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya rasu a 1958. Akwai Mudi Sipikin a Kano, da Gambo Hawaja a Jos. Amma akwai namu na gida. A garin Jega aka haifi Alhaji Aƙilu Aliyu a 1918. Almajiri ne, allo ya fara riƙewa. Neman ilmi ya kai shi Kano, ya kai shi Barno inda ya yi shekaru masu yawa. Ya shiga NEPU, ya ba ta alƙalaminsa da muryarsa a lokacin da yin haka ba ya kawo riga sai dai sammaci. Ya yi Kadaura Babbar Inuwa domin kiran mutane ga ilmi, ya yi Hausa Mai Ban Haushi domin jan kunnen masu wulakanta harshensu. An tara waƙoƙinsa cikin littafin Fasaha Aƙiliya. Ya rasu a 1999, har yau kuwa ana karanta shi a jami'o'i. Muna tambaya, yaro nawa a Jega ya san wannan suna? Laifin wa ke nan in ba namu ba?

Me ya sa NEPU ta riƙi mawaƙa haka? Domin a wancan zamani sai da izinin En'e a ke yin lacca, izinin kuwa sau da yawa ba a bayarwa. Ana iya hana taro, ana iya yage takarda. Amma waƙar da ta riga ta shiga bakin mai tallan fura, wane dogari zai kama ta? Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya ba yana iya haddace baiti hamsin, ya tafi da su kasuwar ƙauye cikin kansa, ba mai bincikensa a hanya.

Dutse na uku su ne waɗanda suka sha wuya. An gurfanar da 'yan NEPU gaban alƙalai saboda taro ba izini, ko saboda wai sun zagi sarauta. An yi musu bulala, an ɗaure su, an sa 'yan Mahaukata sun bi su da sanduna. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku har sau 16, laifinta shi ne shiga gidaje tana gaya wa mata su ma suna da baki a cikin sha'anin ƙasa. Bayan waɗannan akwai dubbai da ba wanda ya rubuta sunansu, masu tireda da aka hana rumfa, manoma da aka ninka wa haraji.

To, Baba mai albasa, ga buhunan da aka samu. Matan Arewa, waɗanda aka hana ƙuri'a lokacin da matan kudu ke jefawa, sun same ta a 1976. Kotuna da gidajen yari da 'yan doka sun fita daga hannun En'e a zamanin soja. A 1979, da PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, sauran jihohin Arewa suka bi sahu. Dattawan da ke nan sun tuna yadda magidanci ke kwana a dawa saboda gudun mai karɓar haraji, da yadda a ke shanya mutum a rana a ƙofar hakimi. Jikokinku ba su san wannan ba. NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati a Arewa ba, amma daga 1950 zuwa 1979 shekara 29 ke nan ana lacca ana waƙa ana shan ɗauri, har abin ya tabbata. Wanda ya ce ba a sami kome ba, ya manta ne.

Ga wani misali na kusa. Farfesa Attahiru Jega, ɗan garin nan, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'a daga 1988 zuwa 1994. Gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar, ta tsare shugabanninta, ta tsayar da albashi. Ba su watse ba. Yarjejeniyar da suka ƙulla da gwamnati a 1992 ita ta haifi asusun ilmi da a ke tarawa daga ribar kamfanoni, wanda ya yi shekaru yana gina azuzuwa da ɗakunan karatu a manyan makarantun ƙasar nan. Malaman nan ba su da bindiga. Abin da su ke da shi rajista ce, da kuɗin wata, da taro, da haƙuri.

DARASI DAGA FAGADA

Mutanen Maiyama, kada ku ce an manta da ku. Daga Fagada ta ƙasarku Gambu ya fito, wanda duniya ta sani da mai waƙar ɓarayi. Ba mu zo yabon sata ba, shi kansa ya bar wannan waƙa kafin ya bar duniya, Allah ya gafarta masa. Amma ku tsaya ku yi tunani. In kalangu da murya suna iya sa mutum ya manta da tsoron dare da tsoron sanda saboda abin da bai halatta ba, ashe ba za su iya sa mai gaskiya ya manta da tsoro saboda haƙƙinsa ba? Waƙa wuƙa ce, ga wanda ya riƙe ta ta ke aiki.

Yau ina mawaƙanmu? Galibinsu suna bakin ƙofar mai kuɗi. Zaɓe ya matso, a yi wa wane waƙa, a ba da mota. Ba mu zage su ba, su ma ciki gare su, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tambayar ita ce, mu mun taɓa ba su ladan? Ɗan Anace ya yi wa manoma waƙa domin manoma sun riƙe shi. Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa, ya ɗaga darajar yaron da kowa ke tsawa. In muna son a rera kukanmu, sai mu ciyar da mai rerawa.

'YAN CI-RANIN AMURKA

Yanzu za mu ƙetare teku, domin ku san ciwon nan ba mu kaɗai ke da shi ba, kuma maganin iri ɗaya ne. A Amurka akwai mutanen da a ke kira Latino, watau waɗanda asalinsu daga Meksiko ne da sauran ƙasashen da ke kudu da Amurka, masu magana da Sifaniyanci. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 60. Da yawa daga kakanninsu 'yan ci-rani ne kamar 'ya'yanmu, suna bin gonakin masu kuɗi a jihar Kalifoniya suna tsinkar inabi da latas, suna kwana a bukkoki, ba ruwan sha mai kyau a gona, ba makewayi, ana fesa maganin ƙwari suna ciki. Dokar da ta ba sauran ma'aikatan Amurka ikon kafa ƙungiya a 1935 ta tsallake ma'aikatan gona.

A 1962 wani mai suna Cesar Chavez da wata malamar makaranta mai suna Dolores Huerta suka kafa ƙungiyar ma'aikatan gona. Ku lura da abin da suka fara yi. Ba yajin aiki suka fara ba. Shekara uku suna bi gida gida. Suka sa wa kowane ɗan ƙungiya dala uku da rabi a wata, alhali mutanen nan ba su da shi sai da ƙyar. Da kuɗin suka buɗe asusun rance, suka yi tanadin abin da za a ba iyalin wanda ya mutu. Suka kafa jarida mai suna El Malcriado, ma'anarsa yaro mai mayar wa manya magana, irin sunan da aka sha kiran 'yan NEPU da shi.

Ran 8 ga Satumba 1965, a garin Delano, ma'aikata 'yan asalin Filifin, ƙarƙashin Larry Itliong, suka ajiye aiki suna neman dala ɗaya da santi 40 a awa. Dabarar masu gona tun da can ita ce, in 'yan Filifin sun ƙi aiki a ɗauko 'yan Meksiko, in 'yan Meksiko sun ƙi a ɗauko 'yan Filifin. Wannan karo bayan kwana takwas 'yan Meksiko suka ce su ma sun ajiye. Bango ya ƙi tsagewa, ƙadangare ya rasa wurin shiga.

Ga kuma dutse na biyu. Wani saurayi, Luis Valdez, ya tara ma'aikatan da kansu suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Dandalinsu bayan babbar mota ne, a bakin gona. Wani ya rataya allo a wuya an rubuta "mai gona," wani "ɗan kwangila," wani "mai karya yaji." Lebura ya ga an kwaikwayi ubangidan da ya ke rawar jiki a gabansa, ya yi dariya har da hawaye. Wanda ka yi wa dariya yau, gobe tsoronsa ya ragu. Masu zane kuma suka bi bangayen unguwanninsu suna zana tarihin da littafin makaranta ya ƙi faɗa. Wata mai zane, Judy Baca, ta tara samari da 'yan mata fiye da 400 a Los Angeles, suka zana bango mai tsawon rabin mil.

A 1966 suka taka da ƙafa daga Delano zuwa Sacramento, hedkwatar jihar, tafiyar mil wajen 300. Sa'an nan suka yi abin da ya karya masu gona. Suka aika leburori zuwa manyan birane, mutanen da wasunsu ba su taɓa barin karkara ba, suka tsaya a ƙofar kantuna da majami'u suna roƙon matan gida: kada ku sayi inabi sai an biya mu haƙƙinmu. Miliyoyin mutane suka daina saye. A watan Yuli 1970, bayan shekara biyar, masu gonakin Delano suka sa hannu, lada ya koma dala ɗaya da santi 80, da kuɗin magani, da sharaɗi kan feshi. Dolores Huerta, mace, tana cikin manyan masu cinikin yarjejeniyoyin ƙungiyar. A 1975 jihar ta yi dokar da ta ba ma'aikatan gona ikon zaɓen ƙungiyarsu, aka kuma hana tilasta musu aiki da gajeriyar fartanyar da ke sa mutum ya wuni a duƙe har bayansa ya lalace.

Amma ba za mu ɓoye muku ƙarshen labarin ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Chavez ba waliyyi ba ne. Da suna ya yi yawa, sai ya mai da ƙungiya kamar gidansa, ya kori abokan da aka sha wuya da su, ƙungiya ta rame. Bayan mutuwarsa a 1993 an bayyana abubuwa marasa daɗi game da halinsa. Darasin shi ne, dutse ɗaya, kome girmansa, ba murhu ba ne. Ku so shugaba, amma ku riƙe littafin kuɗi a hannunku, ku riƙe ikon sauke shi.

MU AUNA DA NAMU

Mutanen Aliero, yanzu ga taku. Albasarku ta kai Ikko, ta kai Anacha, ta ƙetare iyaka. Amma kun fi kowa sanin yadda abin ya ke. Manomi ya ci bashin taki da mai na injin ban ruwa. Lokacin cira ya zo, kowa ya cire rana ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, mai bashi yana tsaye a bakin gona. Dole ya sayar. Wanda ya saya ya zuba a rudu ya jira watanni, ya sayar ninki. Wanda ya daure ya ajiye tasa kuwa, zafi da danshi su cinye masa kashi mai yawa. Mai gumi daban, mai riba daban.

Mun taɓa gwada ƙarfinmu. A watan Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun inda aka kashe mutane aka ƙona dukiya, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa kudu. A watan Yuni na shekarar ƙungiyar masu albasa ita ma ta ba da sanarwar tsayar da nata saboda asarar da aka yi mata. Kukan gaskiya ne, kuma ƙasa duka ta ji a tukunyarta. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da kaya suka tsaya, a kudu farashi ya hau, a nan gida ya faɗi warwas, tumatir ya ruɓe a kwando. Wa ya fi jin jiki? Ƙaramin manomi, wanda ba shi da wurin ajiya, ba shi da asusun da zai ci kafin a buɗe hanya.

Ku auna da Delano. Su sun yi shekara uku suna tara asusu kafin su ajiye aiki, mu mun tsayar da mota ba ko kwabo a ajiye. Su sun mai da mai saye abokinsu, mu mai saye ya ɗauka da shi mu ke faɗa. Matar da ke sayen albasa ƙwaya uku a kasuwar Mile 12 ba ita ta ƙona mota ba, ba ita ta kafa shinge ba. Talaka ce irinmu, kuma kuɗin shingen nan a kanta ya ke ƙarewa. Wa muka aika ya gaya mata haka da harshenta? Wace waƙa muka yi da za ta ji ta gane? Masu cin amfanin rabuwarmu sun fi so Bahaushe ya zagi Bayarabe, Bayarabe ya zagi Bahaushe, su kuwa su ci gaba da karɓa daga hannu biyu.

ABIN DA MU KE ROƘO

Ba mu ce kowa ya ɗauki sanda ba. Wanda ya ba ku sanda ranar zaɓe, ɗansa yana makaranta. Abu biyar mu ke roƙo.

Na ɗaya, kowane layi na kasuwa, masu albasa, masu hatsi, masu kifi, mahauta, 'yan dako, su yi rajistar mutanensu, su sa kuɗin mako daidai ƙarfin mafi rauni. A zaɓi ma'aji, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Wanda ya ƙi a karanta lissafi, a sauke shi ko ɗan wa ne.

Na biyu, kowane direba da mai lodi ya riƙe ɗan littafi. Duk inda aka karɓi kuɗi, ya rubuta wuri da rana da adadi, da ko an ba da rasit. In littafi ɗari suka taru, ba mai iya cewa ƙarya mu ke yi. Shehu ma lissafawa ya yi, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu.

Na uku, ƙananan manoma su haɗa rudu na tarayya, asusun kuma ya ranta wa wanda bashi ya matsa, domin kada ya sayar ranar cira. 'Ya'yanmu da ke jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006, muna kiransu su fito fadama su nuna mana ajiyar da ba ta ruɓewa. Kada a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Na huɗu, kowane reshe ya nemi mai fasaharsa, namiji ko mace, mai waƙa ko mai wasan kwaikwayo ko mai ɗaukar hoto da waya. A yanka masa rabo daga asusu. Kada a ce ya yabi shugaban jam'iyya, mu ma kada ya yabe mu. Ya faɗi kuɗin taki, ya faɗi shinge, ya faɗi asibitin da ba magani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na biyar, iyayenmu mata su zauna cikin kowane kwamiti, da bakinsu da ƙuri'arsu. Ƙuri'ar nan Gambo Sawaba ta biya ta da kurkuku. Wadda ta sayar da ita saboda taliya da sabulu, ta sani sabulun zai ƙare cikin mako, wanda ya saya kuwa shekara huɗu zai yi.

Baba mai albasa, ga amsarka. Lacca kaɗai ba ta ƙara buhu, gaskiyarka. Waƙa kaɗai ma haka. Amma inda mai tarawa da mai rerawa da mai jurewa suka haɗu, jama'a kuma suka kawo itace, an soke haraji a Kano, an sa hannu a Delano, an kwance ɗaurarrun Gimbana. Ma'ajin kowane reshe yana nan bakin ƙofa da littafinsa. Wanda ya yarda ya ba da sunansa kafin ya fita.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai albarka, ya ba talaka sawaba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.